Kun Ce Sai Na Warke, Ciwon Kuwa Ba Mai Warkewa Ba Ne

Zuwa ga Hajiya Mai Makaranta,
Shugabar hukumar gudanarwa ta makarantar nazare da firamare da nake koyarwa a Unguwar Kanawa, Kaduna.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranki ya daɗe, bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da Alhaji da yara da duk waɗanda Allah Ya ɗora miki nauyinsu. Allah Ya ƙara girma da nisan kwana.

Ni ce Rakiya, malamar aji ɗaya, wadda yara ke kira Anti Rakiya. Ke kam ba sai na gabatar miki da kaina ba, don tare muka share ɗakunan farko na makarantar nan, lokacin da ba ta wuce ɗaki biyu da rumfar kwano ba. Amma da yake wasiƙar a buɗe take, iyayen yara da malamai za su karanta, ya zama dole in faɗi ko ni wace ce. A Rafin Guza nake zaune. Mijina, Allah Ya jiƙansa, akawu ne a wata ma'aikatar gwamnati. Ya rasu ya bar ni da 'ya ɗaya tilo, Nafisa. Da allin makarantar nan na rene ta har na kai ta ɗakin miji.

Kai magana fili ba halina ba ne, kin sani. Na zo ofishinki aka ce kin yi tafiya. Na koma aka ce kina da baƙi. Na tura saƙo ta waya, na ga alamar an buɗe, amsa ce ban gani ba. Tunda a gaban jama'a aka zubar mini da mutunci, na ga gara bayanin ma in yi shi a gabansu. In kin ci karo da kalmar da ta yi kaifi, ki yi mini afuwa, zafin abin ne.

Na farko: abin da ke damuna

Shekarun baya abin ya faro. Sai in yi wanka lafiya lau, ina fitowa daga banɗaki sai in ji kamar an juye mini kwandon tururuwa a jiki. Cinyoyi, baya, ƙirji, damatsa, ko'ina ya ɗauka. In duba fatar, ba ƙurji, ba tabo, ba komai. Na ce sabulu ne, na koma sabulun salo. Na ce ruwan rijiyarmu ne, na koma sayen na 'yan garuwa. Mai kemis ya ba ni maganin tsutsar ciki da na borin jini. Wata tsohuwa a layinmu ta kawo mini saiwoyi da sassaƙe ta ce in riƙa wanka da su safe da yamma. Abin ya ƙara lalacewa, ashe ba saiwar ba ce, yawan wankan ne. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce iska na taka. Na sha rubutu, na yi hayaƙi, na yi sadaka.

Daga baya ciwon kai ya shigo, da jiri, idanuna kullum jajir kamar wadda ta kwana kuka. Ranar da alli ya suɓuce daga hannuna a gaban allo, yatsuna suka ƙi riƙe shi, ranar na tafi asibiti da gaske. Aka ɗebi jinina aka gwada, aka sake gwadawa, sannan aka tura ni wurin likitan jini. Shi ya zaunar da ni ya yi mini bayani da Hausa. Ya ce ɓargon ƙashina ne ke ƙera jini fiye da yadda jiki ke buƙata, har jinin ya yi kauri, yana tafiya da ƙyar. Sunan ciwon a asibiti polycythemia vera. Ni dai yawan jini nake ce masa, kuma duk wanda na faɗa wa sai ya ce, “Au, hawan jini?” In na ce a'a, yawa, sai ya yi dariya ya ce ai wannan lafiya ce ta yi mini yawa, mutane na neman jini ni ina ƙorafi.

Likitan ya jaddada mini abubuwan da nake so duk mai karanta wannan ya riƙe. Ciwon ba a ɗaukarsa. Ba a ɗauka ta taɓa jiki, ko cin abinci kwano ɗaya, ko zama a kujera ɗaya, ko numfashi. A cikin ƙashina yake, ba a kan fatata ba. Ƙaiƙayin ma daga jinin yake tasowa, shi ya sa ba a ganin ƙuraje. Sannan ba a warkewa daga shi, sai dai a lallaɓa shi har iyakar kwanan da Allah Ya ɗibar wa mutum. Haɗarinsa kuwa a kaina yake ni kaɗai: jinin na iya daskarewa ya toshe wata hanya, ya kawo shanyewar ɓarin jiki ko abin da ya fi haka.

Lallaɓawar ita ce ƙwayoyin da nake sha kullum, da zuwa asibiti lokaci-lokaci a zuƙe mini jini leda guda. Ina kwance ina kallon ledar tana cika, a bakin ƙofa kuma ga dangin mai naƙuda suna kai-komo suna neman wanda zai ba 'yarsu jini. Nawa ba ya yi musu amfani, zubar da shi ake yi. Ban taɓa fitowa daga ɗakin nan ba tare da zuciyata ta karye ba.

Na biyu: yadda ake rayuwa da shi

Hajiya, ba na jin wanda bai taɓa yi ba zai gane, amma bari in gwada. Ruwa ne ke tayar da shi. Kowane irin ruwa: na wanka, na wanki, na sama, har gumin jikina. Ruwan ɗumi ya fi muni. Ba ya tashi lokacin da ruwan ke zuba, sai an gama, an ɗan jima, sannan ya sauko gaba ɗaya, kamar ana tsira allurai ta ciki. Susa ba ta kashe shi, amma hannu ba ya jin magana. Na sosa da farce, na sosa da mataji, na goga bayana da bangon ɗaki har siminti ya ci fatata. Duk tabon da ke jikina ni na yi wa kaina shi da hannuna. Ciwon bai fito mini da ko ƙwaya ɗaya ta ƙurji ba.

Ki tuna kuma ni musulma ce, salla biyar na kaina. Akwai lokacin da na wayi gari ina jin kiran salla gabana na faɗuwa, ba don sallar ba, don butar. Na tsani kaina a kan haka. Sai da na je na sami malamin Islamiyyarmu na gaya masa, ina sunkuyar da kai. Ya ce addini bai zo don ya cutar da ni ba, ranar da abin ya tsananta in yi taimama. Ranar da na fara bugun ƙasa da tafukana, ga randa cike da ruwa a gefena, na yi kuka kamar ranar da aka fita da gawar mijina.

A hankali na koyi zama da shi. Wanka da ruwa mai sanyi-sanyi, cikin hanzari, ba cuɗa. Tawul sai dai in danna, ba na gogawa. In shafe jiki da man kaɗanya tun fatar ba ta bushe ba. Na rabu da leshi da duk wani yadi mai santsi, sai atamfar auduga mai dogon hannu. Tun da asuba nake wanka, don masifar ta zo ta yi abin da za ta yi ta lafa kafin in fita. Da bazara, in na shiga Keke daga Rafin Guza, mutum huɗu a matse, gumi na tsatsafowa, sai in damƙe jakata da hannu biyu in riƙa salati a zuci har mu iso. In sauka, in gyara hijabi, in shiga aji ina murmushi. Abin mamaki, a cikin ajin nan nake samun sauƙi. Wannan na kuka an ɗauke masa fensir, wannan na son fitsari, wannan ta rubuta harafinta a juye. Kafin in ankara ƙaiƙayin ya wuce ban sani ba.

Ban ɓoye wa makaranta ba. Tun da aka gano ciwon na sanar da Hedimasta, na kuma sanar da ke a ofishinki. Har kika ce Allah Ya sa kaffara ne, kika ba da izinin a riƙa sakina ranar asibiti. Ina tuna miki wannan ne don kada a ce ba a sani ba.

Na uku: ranar da aka ɗauki hotona

A daminar nan ne, lokacin tashi. Hadari ya haɗo, kafin a buga ƙararrawa ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Kwatar da ke bakin ƙofar makaranta ta cika ta tumbatsa, ba a ganin inda gadar katakon take. Iyaye na cikin motoci da Keke a tsallake suna ta hon, yara na turereniya a bakin ƙofa. 'Yan ajina ƙanana ne, wasunsu ruwan zai kai musu ƙugu. Na san abin da ruwan sama ke yi mini. Amma ba ni da zuciyar da zan tsaya a baranda ina kallon ɗan mutane ya zurma kwata. Na tattare zanina na shiga. Ɗaya bayan ɗaya na riƙa ɗaukarsu ina tsallakarwa, ina miƙa wa iyayensu ta tagar mota. Wasu sun ce sannu, wasu ko kallona ba su yi ba, ban damu ba.

Da na gama na jiƙe sharkaf. Ban kai ga ɗakin malamai ba abin ya sauko. Ban taɓa jin irinsa ba. Na zagaya bayan ajinmu inda nake zaton ba kowa, na naɗe hannun riga, na ɗauki rula na riƙa kartar damatsana, ina goga bayana da bango, ina hawaye. Tsofaffin tabo suka ɓalle, jini ya biyo ruwan.

Ashe wata daga cikin iyaye ta dawo neman kwandon abincin 'yarta. Ta gan ni. Ba ta yi sallama ba, ba ta ce baiwar Allah lafiya ba. Waya ta ɗaga. Kafin magariba hoton ya shiga zauren iyaye na waya, an rubuta a ƙasansa, “Ku ga wadda ke riƙe mana 'ya'ya.” Wata abokiyar aikina ce ta nuna mini. Na karanta abin da aka yi ta rubutawa. Wani ya ce ƙazuwa ce. Wata ta ce kuturta ce ke farawa haka. Wani ya ambaci ciwon nan da mutane ba sa son kiran sunansa, ya ƙara da cewa ai ba a san abin da ya kashe mijina ba. Hajiya, mijina haɗarin mota ya yi a hanyar Zariya, kin zo ta'aziyya. Cikin masu rubutun har da waɗanda na miƙa wa 'ya'yansu ta taga a ranar.

Duk da haka ban riƙe iyayen a zuciya sosai ba. Uwa in ta ga jini a hannun mai riƙe ɗanta dole ta firgita. Ba su sani ba. Ke kin sani.

Na huɗu: hukuncin da aka yanke

Washegari Hedimasta ya tare ni a bakin ƙofa, bai bari na ƙarasa aji ba. Ya ce, “Malama, Hajiya ta ce ki je gida ki huta. Sai kin warke ki dawo.”

Na ce, “Malam, kai ma ka san ba ya warkewa.”

Ya dubi ƙasa ya ce, “Ni dai saƙo aka ba ni.”

Ina tsaye a wurin na hango an fito da kujerata da teburina tsakar makaranta, mai shara na wanke su da maganin kashe ƙwayoyin cuta, yara sun yi cirko-cirko suna kallo. Daga baya na ji har kofin da nake shan shayi da shi a ɗakin malamai an jefa a shara. A ranar kuma makaranta ta saka sanarwa a zauren iyaye cewa an ɗauki mataki, malamar ba za ta dawo ba sai ta warke, a kwantar da hankali.

Ranki ya daɗe, wannan sanarwar ta fi hoton yi mini illa. Hoto jita-jita ce, kowa na iya musawa. Sanarwar kuwa shaida ce daga bakin waɗanda suka fi kowa sanina. Kalma ɗaya ta ishe ki a ranar: ba a ɗauka. Ba ki faɗe ta ba. Na gane kina tsoron a kwashe yara a kai wata makarantar, na san wahalar da kika sha kafin wurin nan ya tsaya da ƙafafunsa, ina cikin waɗanda suka sha ta tare da ke. Amma da sunana kika kwantar wa iyaye hankali, ba ki tambaye ni ba. Kuma wanda aka ce wa sai ka warke, alhali ciwonsa na har abada ne, korarsa aka yi, sai dai ba a so a furta.

Na biyar: abin da ya biyo ni gida

Da a bakin ƙofar makaranta abin ya tsaya, wallahi da na haƙura na yi shiru. Ga abin da ya sa na ɗauki biro.

A lokacin Nafisa na gidana, ta zo wankan jego na haihuwar fari. Ta sami 'ya mace, mijinta Kabiru ya yi mini kara ya sa mata sunana, muna kiranta Ummi. Unguwarzoma ta yi kwanakin farko, daga nan na karɓa. Ba ni da ƙanwa a kusa, ba ni da yaya, kuma ba na son 'yata ta ji cewa don ba ta da uba ne ko don uwarta ba ta da lafiya aka rage mata wani abu. Ni nake hura wuta in tafasa ruwan da ganyen darbejiya, ni nake tsoma ganyen ina fyaɗa mata, tururi na dukana. Ni nake wanke Ummi in gasa mata cibiya. Na riga na faɗa miki abin da ruwan zafi ke yi mini. Ina gamawa sai in ce musu zan duba kunun kanwa, in shige kicin in rufe ƙofa, in cusa gefen zani a baki in cije, don kada Nafisa ta ji. In abin ya lafa in wanke fuska in fito da kunun. Ban taɓa jin na gaji ba. Kwanakin nan su ne mafi daɗi da na yi tun rasuwar mahaifinta.

Dangin Kabiru a Mando suke, kuma wata maƙwabciyarsu na da yaro a makarantarki. Hoton da sanarwar suka isa hannun mahaifiyarsa. Sai ga ta da mota ita da ƙanwar Kabiru, ba sanarwa. Na shimfiɗa musu tabarma ba su zauna ba. Na kawo ruwa ba su sha ba. Ummi na kan cinyata, na gama shafa mata mai ke nan.

Mahaifiyar Kabiru ta ce, “Maman Nafisa, mun zo ɗaukar yarinya da jaririyar. Ta ƙarasa wankan a wurinmu.”

Na ce, “Maman Kabiru, lafiya dai? Ai ba a yi arba'in ba.”

Ta ce, “Lafiya ƙalau. Kin san fatar jariri ba ta da ƙwari.”

Ta warware wani sabon zani da ta zo da shi, ta ɗauke Ummi daga cinyata a cikinsa, tana kaffa-kaffa kada hannunta ya taɓa nawa. Nafisa ta fashe da kuka ta ce ba inda za ta, ta ce ta girma a jikin nan ba ta taɓa ɗaukar komai ba. Ni na ce mata ta tashi ta bi su. Aurenta ne, ba zan zama sanadin girgiza shi ba. Suka tafi. Bahon wankan jaririyar, da tawul ɗinta, da 'yan rigunan da na ɗinka mata da hannuna tun cikin yana ƙarami, duk suka bar mini su a tsakar gida. Tukunyar ruwan yamma na kan wuta tana tafasa, na rasa wanda zan ce wa ya sauke.

Kabiru yaron kirki ne, ba zan ci haƙƙinsa ba. Da na koma asibiti ya bi ni, ya zauna gaban likita ya yi tambayoyinsa, ya fito ya durƙusa ya ba ni haƙuri. Ya je ya yi wa mahaifiyarsa bayani. Amsar da ta ba shi ita ce, in da gaske ba a ɗauka, me ya sa makarantar da ta san ta shekara da shekaru ta wanke kujerarta ta sallame ta? Ya dawo mini da tambayar. Ke kaɗai ke da amsar wannan tambayar.

An yi arba'in ba ni. Yanzu Ummi ta fara dariya, ta fara riƙe wuyanta, a waya nake gani. Nafisa kan kira ni ta juya mini fuskar yarinyar, ta ce, “Ummi, ga takwararki.” Yarinyar ta dubi gilashin wayar, ba ta san ko wace ce ba. Ni kuma ina zaune a ɗaki ni kaɗai, ba aji, ba jika, ba abin da zai ɗauke mini hankali. Ƙaiƙayin ya sami fili, yanzu ko ruwa bai taɓa ni ba yakan zo. Maƙwabtan da muke aron turmi da taɓarya sun koma aiko yara su tsaya daga zaure.

Na shida: abin da nake roƙo

Babban roƙona shi ne a gyara maganar a inda aka ɓata ta. A zauren nan na iyaye da aka saka sanarwar farko, a saka wata da sunan makaranta, a faɗa ƙarara cewa ciwon Malama Rakiya ba a ɗaukarsa, cewa makaranta ta san da shi tun da daɗewa, kuma babu yaron da ya taɓa shiga haɗari a hannunta. Ba sai kin ce kin yi kuskure ba in hakan zai yi miki nauyi. Gaskiyar kawai nake so a faɗa. Da wannan kaɗai Kabiru zai sami abin da zai kai wa mahaifiyarsa.

Likitan da ke duba ni ya ce a shirye yake ya zo taron iyaye da malamai, ko ya turo wani daga sashensu, a yi masa duk tambayar da ake so. Ina roƙon a ba shi dama. Ina kuma roƙon iyayen da hoton ke wayarsu su goge shi don Allah. Wadda ta ɗauka ba na neman a yi mata komai, ba na ma son a ambaci sunanta. 'Yarta ɗalibata ce, yarinya ce mai ƙoƙari.

Sannan a faɗa mini matsayina. In ana so na, a mayar da ni ajina, ƙarfina bai ƙare ba. In ba a so na, a kira ni a dubi idona a ce an sallame ni, in san na rufe wannan babin in nemi wani abin. Zaman jiran warkewar da ba za ta zo ba ya fi kora ciwo. Kuma ki tuna ba ni kaɗai ba ce. A cikin ma'aikatanki akwai mai sikila, akwai mai ciwon suga, akwai mai farfaɗiya da ke ɓoyewa. Tun ranar da aka wanke kujerata kowannensu ya shiga taitayinsa, don sun ga abin da faɗin gaskiya ya jawo mini.

Na bar guda ɗaya a ƙarshe don ya fi tsaya mini a rai. Kwanan baya na je kasuwar Kawo sayen man kaɗanya. Wata 'yar ajina, Amira, ta hango ni daga nesa, ta saki hannun mahaifiyarta ta sheƙo da gudu tana kiran Anti. Saura kaɗan ta faɗo jikina uwar ta cafko hijabinta ta baya, ta sunkuya ta raɗa mata wani abu a kunne. Na ga fuskar yarinyar ta sauya a gabana. Ta ɓoye hannayenta a bayanta, ta maƙale a jikin uwar tana leƙena. Wannan yarinyar ni na koya mata riƙe fensir, hannunta a cikin nawa.

Don haka, ko da kin yanke cewa ba zan dawo ba, ina roƙon ki ba ni safiya ɗaya. In zo lokacin da yara ke layi, ki tsaya kusa da ni, ki miƙo mini hannu mu gaisa a gabansu. Ba sai kin yi jawabi ba, yara sun fi gane abin da suka gani. Daga nan in yi musu sallama in tafi. Ba na so abin da zan bar wa 'yan ajina ya zama tsoron marar lafiya.

Ranki ya daɗe, ban manta alherinki ba. Kin tsaya mini lokacin takaba, kin yi wa Nafisa kayan ɗaki kamar 'yarki. Shi ya sa abin ya yi mini ciwo haka, shi ya sa kuma har yanzu ban cire rai ba. Allah Ya ɗaukaka makarantar nan, Ya tsare yaran da ke cikinta, Ya shirye su. Allah Ya ba ki lafiya mai ɗorewa, Ya raba ki da ciwon da ba a gani da wanda ake gani, Ya nuna miki gaskiya Ya ba ki ikon binta. Allah Ya ba ki jikoki masu albarka, ki ɗauke su a cinyarki, kada wani ya taɓa zuwa da sabon zani ya karɓe su.

Wassalamu alaikum.

Taki mai biyayya,
Rakiya, malamar aji ɗaya,
Rafin Guza, Kaduna.